Shayi a Kan Injin Huda

A kasuwar tsofaffin injuna ta Tabarka, Munsif dillali yana kallon wani dattijo da ke tsaye gaban injin huda. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa, garin katako ya zauna a girarsa. Ya baje lofen shan taba guda uku na saiwar itace, kowanne ramin hayaƙinsa ya kauce ya ɓullo ta gefe. A zaton Munsif, wannan hannu ya yi shekara da shekaru yana huda ba kuskure.

"Injina na gida rawa yake yi, duk ya ɓata mini aiki," in ji dattijon. "Kunna wannan, ɗana."

Ya ɗora kofin shayinsa a kan farantin injin, yadda masu sana'ar ke gwadawa. Munsif ya kunna. Injin na gudu, shayin ko gezau bai yi ba.

"Ka gani, Baba? Ko jariri ka kwantar a nan sai ya yi barci!" in ji Munsif.

Dattijon bai yi dariya ba. Yana ɗaukar kofin, shayin ya hau tsalle har ya jiƙa masa hannun riga. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

Munsif ya kawar da kai, ya kashe injin.