Ludayi Biyu na Ruwan Toka

Mairo na tsince wake a gindin katanga ta ji muryar Bitrus daga gidan maƙwabta. Faɗa yake wa Susana, matar ƙanensa marigayi Yunis, wai ɗakin bayan nan ya zama juji, wari ya hana kowa sakat, shi kuwa yana da audugar da zai zuba. Susana ta ce ɗakin mijinta ne, ita ta ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasarsa. Suka yi ta yi, har Bitrus ya yanke magana: saura wata biyu a buɗe kasuwar auduga, in ranar ta zo ba abin ci da ya fito daga ɗakin, ta kwashe tarkacenta.

Duk garin Ƙarfi an san ba auduga ce damuwarsa ba, don yana da rumbu da babu komai ciki. In ɗakin ya fita hannunta, gobe sai a ce ta koma wurin danginta a Tsiga, gonar Yunis kuma ta dawo hannunsa.

Susana ta tashi ne tana bin kakarta daji da damina, suna tsintar naman kaza a jikin ruɓaɓɓun itatuwa. Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, da ta yi rashin miji, ta ce me zai hana abin ya fito a gida har bayan ɗaukewar ruwa. Ta ɓamɓaro ɓawon kututture mai farin zare-zare, ta binne cikin yankakken kara da sharar audugar da wani direba ke kawo mata daga injin gurza na Funtua, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Sau uku tana yi, sau uku koren fumfuna na cinye shi.

Mairo ba ta cin naman kaza, ƙyamarsa ma take. Ta ce wa mijinta aron rariya za ta gidan Susana. Gaskiyar ita ce so take ta ga idon macen da ta tsaya wa yayan miji, abin da ita ba ta taɓa iyawa ba, kuma can ƙasan ranta ta fi son ta tarar da ita tana kuka. Sai ta same ta a durƙushe, ta matse sharar a tafin hannu tana lasar ruwan.

"Susana, kin fara cin juji ke nan?"

"Ɗanɗana ki ji."

Mairo ta yatsine fuska, ta ɗan taɓa da harshe. Tsami kamar ruwan gasarar da ta kwana uku. Susana ta ce ta lashi kututturen daji, shi ba ya haka, sannan ta tambaye ta me take wa miyar yakuwa in tsaminta ya yi yawa. Mairo ta ce ai sai ruwan toka.

Karon farko Susana ta cika hannu wajen zuba ruwan tokar. Sharar ta yi santsi kamar sabulu, zaren ya mutu, mako biyu ya tafi a banza. Sai ta jera tukwane uku, ta zuba wa ta fari ludayi ɗaya, ta biyu biyu, ta uku uku, kullum da safe ta bi su tana lasa. Tokar karan gero kuwa Mairo ke miƙo mata ta saman katanga, tana tsokanarta wai harshenta zai zube. Tukunyar tsakiya ce ta yi fari tas. Da wannan awon Susana ta cika ɗakin.

Ranar kasuwa Bitrus ya zo da hantsi, da jakinsa da wani dattijon coci, Baba Manu, don kada a ce ya zalunci matar mamaci. Mairo na leƙe. Susana ta ture ƙyaure. Naman kaza ya fito tsibi-tsibi, wani kan wani, har bakin ƙofa. Baba Manu ya tsinki ɗaya ya sunsuna, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun tsakiyar damina, sannan ya juya yana duban Bitrus, Bitrus na duban igiyar jakinsa.

Susana ta cika ƙwarya ta miƙa masa, ba ta matsa daga bakin ƙofar ba.

"Yaya, ka kai wa matarka Rabi ta yi muku miya. Audugar kuwa a nema mata wani wurin, nan ya cika."