Ɗinkin Bilqis a Hannun Wata

Shekara goma sha ɗaya Bilqis da ƙawarta Muhibbat suka yi suna ɗinki a shago ɗaya a Lafia. Bilqis ce gwanar yanka, ita kuma Muhibbat ta iya jan kwastoma da baki.

Da wata cibiyar koyar da sana'a ta nemi malamar ɗinki, Muhibbat ta kwashi hotunan rigunan da Bilqis ta ɗinka, ta kai a matsayin nata. Aka ɗauke ta. A bakin mai gugarsu Bilqis ta ji labari.

Ta ce, "Muhibbat, har rigar amaryar nan da na kwana uku a kanta kika ce taki ce?"

"To ai shagonmu ɗaya," in ji Muhibbat, ko kai ba ta ɗaga ba.

Sati uku Bilqis ba ta taka keke ba, har ta fara shakkar hannunta. Sai ta zauna tana tuno ayyukanta: rigunan mawaƙan wani coci a Kwandere, kayan ɗalibai ɗari biyu da ta gama cikin wata guda, amaren da suka zo takanas daga Doma. Ta bi su gida-gida, suka saka kayan ta ɗauke su hoto, suka kuma turo mata 'yan'uwansu.

Yanzu mata tara ke koyon yanka a wurinta. Idan suka haɗu da Muhibbat a biki sukan gaisa, amma har yau ranta yakan sosu.