Makin da Uwar Sito Ta Soke

"To ni wa'azi na ce ka zo ka yi min?" in ji Uwar Sito, tana tura kwalin tayil da ƙafa zuwa jikin bango. "Littattafan nan na ce ka zo ka kwashe. Ga su can na tokare fanka da su."

Auta ƙaninta ne, malamin lissafi a firamare, kuma tun yana ƙarami ya san ba a katse Yaya in ranta ya ɓaci. Ya jawo bokitin fenti ya zauna, ya ce shi dai so yake ya ji yadda mutum zai shiga jarrabawa ya fito babu maki, ko mai kyau ko marar kyau.

Leburori ne suka sa mata suna Uwar Sito. Tana budurwa ta shigo kamfanin kayan gini, yanzu babbar 'yarta ta kusa gama sakandare, ita kuwa tana nan a sito ɗaya, cikin ƙurar siminti da warin fenti. Digirinta ma da yamma ta yi shi, da goyo a baya. Duk lokacin da manajan reshe ya tafi, sai a kawo wani daga waje mai takardar makarantar kasuwanci, ita ce kuma za ta zagaya da shi ta nuna masa makullai. Bana Oga, mai kamfanin, ya ce in ta samu gurbi a makarantar, karatun ƙarshen mako, kujerar manaja tata ce. Makarantar kuwa ba ta duban kowa sai da makin jarrabawar shiga, kuma zama ɗaya ya rage kafin a rufe ɗaukar bana. Ta rantse ba za ta koma ba.

Ta ba shi labari tana jera kwalaye, kowanne sai ta dire shi da ƙarfi. Ɗaki ne mai sanyin tsiya, kowa da kwamfutarsa, an karɓe waya da agogo kamar an kama ɓarayi. Akwai sashen lissafi, akwai na karanta dogon rubutu a fitar da ma'ana, ga wani ɗan agogo a kusurwar allo yana cinye lokaci. Tambaya ɗaya ke fitowa, sai ka amsa ta wata ta zo. Ba a tsallakewa, ba a komawa baya. Ita da ta yi watanni tana gwaji a takarda, tana fara kwashe masu sauƙi!

Tambayoyin farko sun zo da sauƙi. Daga nan duk wadda ta amsa, mai bi mata sai ta fi ta tauri. Wani mai kwat a gefenta kuwa danne-danne kawai yake yi yana kaɗa ƙafa. Da aka gama, kafin injin ya nuna komai, ya tambaye ta ko a ajiye makin a tura wa makaranta, ko a soke. Ta tuna fuskar Oga, da yadda zai ce ai ta yi ƙoƙari. Ta danna sokewa.

Auta ya gyara zama a kan bokitin. Sannan ya faɗa mata a hankali cewa injin bin mutum yake yi. In ka amsa daidai, ya miƙo maka wadda ta fi wuya, in ka kuskure, ya sassauta. Makin ma ba yawan amsa kaɗai ba ne, mai wuya ta fi mai sauƙi nauyi.

"Yaya, in sun yi ta ƙara wuya har ƙarshe, to ci kike yi."

Ta tsaya da kwali a hannu. Ta tambaye shi wane maƙaryaci ne ya gaya masa. Ya ce yana shafukan farko na babban littafin, wanda ke ƙarƙashin fanka. Waɗannan shafukan ta san su sarai. Ta tsallake su tun ranar da ta sayi littafin, don mai tashi da asuba ta haɗa yara makaranta ba ta da lokacin karanta gabatarwa.

Faɗan da ta yi sai da ya tsayar da leburori a bakin ƙofa. Ta zagi injin da wanda ya ƙera shi. Ta zagi mai gadin jarrabawa da ya iya laluben aljihu amma bai iya faɗa wa mutane wannan ba. Auta ma ya samu rabonsa: malamin lissafi guda, yana cin abincin gidanta duk mako, bai taɓa gaya mata abin da ke cikin littafin ba sai da aka yi ɓarna. Bai musa ba.

Can ta juya tana duban siton. Duk motar da ta zo da fasassun kaya ita ake kira. Duk kwastoman da ya zo yana kumfar baki, wurinta ake turo shi. Shekara da shekaru ta ɗauka Oga ne ya tsane ta.

"Wato har inji ya koyi halin Oga," ta ce. "Ka iya, a ƙara jibga maka, kuma babu mai buɗe baki ya ce ka iya."

Auta ya miƙe zai zare littattafan, tunda abin da aka kira shi ya yi ke nan. Ta buge masa hannu, ta zare babban da kanta, fanka ta karkace tana hura bango. Ta cusa littafin a jakarta, ta ce ya yi mata rajistar zaman ƙarshe yau ɗin nan, kuma ya aro kwamfuta a inda ya ga dama, don ba za ta ƙara gwaji a takarda ba. Ya tambaya ko ya gaya wa mijinta ta fasa rantsuwa. Ta ce ya gwada ya gani.

A waje direba ya danna hon, motar siminti ta iso. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta ɗauki makullai.

"Wancan mai kwat ɗin da ke kaɗa ƙafa, ashe masu sauƙi ake ta ba shi?"

Auta ya ce mai yiwuwa.

Ta ja tsaki, ta fita tana yi wa leburori tsawa su buɗe ƙofa ta biyu.