Ranar da Auta Ta Zauna a Ɗakin Inji

Auta mai kifi 'yar wajen Miga ce, aure ya kawo ta Haɗejiya. Sana'arta banda. Ta sayo tarwaɗa a bakin kogi, ta banda, ta kai kasuwa, da haka ta riƙe gida bayan maigidanta ya rasu. Mace ce ba ta tsoron maciji, ba ta tsoron kwale-kwale ko ruwa ya kai ina. Abu guda take tsoro, ginin ƙasa in ya sha ruwa. Tana yarinya a kan idonta aka tono yayarta daga ƙarƙashin soro, shekarar wata ambaliya. Tun daga nan in damina ta yi nisa sai ka gan ta tana bin gindin katanga tana dannawa da yatsa.

To, ɗanta na fari Yunusa gyaran injin ban ruwa yake yi. Shi da maƙwabcinsu Malam Bulus, mutumin Kafanchan mai koyar da aikin lantarki, suka haɗa kai wai za su ƙera injin da ke ƙera abu. Irinsa na kanti sai mai hali. Su kuwa wajen 'yan gwangwan suka dinga zarya, su ciro kayan cikin matattun injinan hoto, kafinta ya yi musu katako, gilashin tagar Saratu matar Bulus ma bai tsira ba. Robar lemo suke yankawa siriri kamar zare, injin ya narka ta, ya dinga ɗigawa yana zagaye, layi kan layi, sak yadda zanzaro ke ginin ɗakinsa. Na farkon duk shirme ya fito, kamar taliyar da ta caɓe. Sai da aka ci damina aka ci rani kafin ya fara fitar da abu sumul, ka shafa ba ka jin kaushi. Amma fa mai tsirfa ne. Ba ya son a girgiza shi, kuma in ya fara aiki aka kashe, an yi asara, sai a koma farko.

Shekarar da ruwa ya zo da yawa, maza suka tare shi da jinga, buhu kan buhu. Bai tsallako ba, sai ya dinga tsattsafowa ta ƙasa, ga na sama yana ƙaruwa. Inji guda unguwar ke da shi mai kwashe ruwan yana watsawa bayan jinga, da asuba fankar cikinsa ta karye. Aka zagaye kasuwa babu. Yunusa ya ce zai fitar da ta roba da injin nan nasu, za ta ɗan riƙe. Zaren da ya rage masa na guda ɗaya ne tak.

Da ya kunna, ɗakin ƙasar da injin yake ciki a bushe yake. Kafin hantsi ya ɗaga, daɓen ya yi duhu. Auta ta zo ta danna gindin katanga, yatsanta ya shige kamar cikin tuwo. Ta miƙe ta nufi ƙofa.

Ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Kai wannan, fito."

"Inna, ya wuce rabi."

"Rabin me? Ginin nan ya jiƙa har ƙugu."

"Zuwa azahar ya gama. In na kashe shi yanzu, unguwar nan gaba ɗaya a ruwa za ta kwana."

"To bar shi ya yi ta yi, kai ka fito."

"Zaren yana sarƙewa, sai ina warware masa."

Ta juya ta sami Bulus ya taho, wando a naɗe. Ta ce, "Malam, kai ka koya masa wannan masifar, kai za ka fitar min da shi."

Bulus ya leƙa, ya dubi bango, ya dubi injin. Ya ce, "Mama, gaskiyarki, gaskiyarsa."

"Allah ya shirye ka. Alƙali na kira?"

Sai ga wata ƙasa ta ɓantaro daga saman ƙofa, tim, a gaban ƙafarta. Auta ta ja da baya. Saratu ta riƙo ta tana ce mata, "Yaya Auta, ki yi masa baki mana. Ki ce in bai fito ba ba ki yafe ba. Wallahi da gudu zai fito." Ita ma ta sani. Kalmar tana nan a kan harshenta. Amma ta yi tunani, in ta faɗa, ya yi gardama ko ta minti guda, ginin ya rufta, da bakin uwa a kansa zai tafi. Ta haɗiye.

Sai ta cire takalmi. Matar da in an yi ruwa kwana biyu a tsakar gida take yini, ita ce ta sunkuya ta shiga ɗakin nan, ta wuce ɗanta, ta je can ƙuryar da bangon ya fi kumbura ta zauna a jiƙaƙƙen daɓe, ta miƙe ƙafa. Haƙoranta na haɗuwa kaf-kaf, ana ji har waje. Sanyin bangon na ratsa bayanta, tana jin ƙasa na zubo mata a wuya.

"Inna! Me kike yi haka?"

"Kallo na zo. An ce yana da kyau."

"Don girman Allah ki tashi."

"Yi aikinka. Ni da kai ne, azahar ɗin ta same mu tare."

Yunusa ya dubi uwar, ya dubi fankar da ke tasowa a kan gilashi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Malam Bulus, kama min teburin nan."

"Yana aiki? Zai goce fa."

"Ya goce."

Haka suka ɗaga shi, injin na ta ƙugi yana zagayensa. Saratu ta rungumi batirin injin tana bin su a duƙe kada waya ta tsinke, tana ta kiran Yesu. Shamsiyya matar Yunusa ta tare yayyafi da lema daga waje. Tafiya suke kamar masu ɗauke da ƙwai a faranti. A dokin ƙofa ƙafar Bulus ta zame, teburin ya yi gefe, kowa ya yi salati da irin nasa. Auta dai ba ta motsa ba sai da ta ga duga-dugan ɗanta sun fita. Sannan ta yunƙura, tashi ya gagara. Shi ya dawo ya saɓo ta a kafaɗa kamar buhun shinkafa, tana dukan bayansa tana cewa ya sauke ta mutane na kallo.

A ƙarƙashin rumfar kwanon Bulus injin ya ƙarasa. Fankar ta fito da karkata daidai inda aka yi tuntuɓe. Yunusa ya goge ta da zarto, aka ɗaura, injin ruwa ya tashi yana kakari kamar tsoho mai tari, amma yana ja. Ta riƙe har aka samo ta ƙarfe daga garin Malam Madori.

Ɗakin kuwa bai kai la'asar ba. Suna zaune suka ji rugugi, bangon ƙuryar ya kwanta ciki, azara ta biyo shi. Auta na riƙe da kofin shayin da Saratu ta dafa mata, kofin ya karkace, shayin na zuba a zaninta. Yunusa ya durƙusa ya karɓi kofin, ya kai mata baki. Ta kurɓa, ta ce sukari ya yi kaɗan.