Ranar da Tasha Ta Watse

Asabar ce, lokacin tonon citta. Na tashi da wuri na dama kunun acca, na share tsakar gida, sannan na fito da Baba bakin ƙofa ya sha hantsi. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa tun bara waccan. Idonsa ma ya yi rauni. Ni da shi kaɗai ne a gidan, mijina ya rasu, 'ya'yana suna aiki a Abuja.

Sunan garinmu a takarda daban ne, amma kowa Tasha yake ce masa. Kafin a shimfiɗa layin dogo babu gari a wurin, sai daji da rafi. Saboda rafin aka kafa tankin da jirgi ke shan ruwa, aka gina wa lebura kwatas. Kakana ya sauko daga dutse ya kama aikin layi. Baba ya gaje shi, shi ke sauya wa jirgi hanya har ya yi ritaya. Mutane suka taru daga ko'ina, Bajju da Kagoro da Tibi da Ibo da Yarabawa da Hausawa. Hausa ce ta haɗa mu, kowa da irin tasa. Da jirgi ya daina tsayawa, kasuwa ta mutu, samari suka watse neman aiki. Muka rage tsofaffi da mata da yaran da nake koyarwa a firamare. In ka tsaya a dakalin tasha za ka iya nuna kowane gida ka faɗi sunan mai shi. Dakalin kuwa mun daɗe da mai da shi wurin shanya citta.

Wajen ƙarfe bakwai Yaya Bitrus ya tsayar da pikop ɗinsa a ƙofarmu. Ba ciki ɗaya muke ba. Mahaifinsa abokin aikin Baba ne, ya rasu Bitrus yana ƙarami, Baba ya ɗauko shi ya haɗa da mu, ya sa shi makaranta. Ya girma ya zama dattijon ekklisiya a cocinmu. Da aka fara kai hari ƙauyukan bayan dutse, shi gari ya zaɓa shugaban tsaro. Akwai guntun ƙarfen layi da ke rataye a mangwaron makaranta, shi ne ƙararrawarmu. A gaban kowa aka shirya: duk labarin da ya zo Bitrus za a fara gaya wa, shi kuma ya sa a buga ƙarfen, mata da tsofaffi su bi layin dogo su fita. Ko Lahadin da ta wuce ya tsaya a coci ya ce kada kowa ya gudu saboda jita-jita, in da wani abu daga bakinsa za mu ji.

Ya durƙusa ya gai da Baba. Ya ce citta zai kai kasuwa a Kafanchan, yana son aron tamfol da igiya. Na shiga na ɗauko. Na ba shi kunu, ya sha a tsaye. Matarsa Saratu tana gaban mota, yaransu a matse a jikinta. Na ɗaga mata hannu, ta sunkuyar da kai. Na ga bakin katifa ya leƙo ƙarƙashin buhuna, na ga keken ɗinkinta. Na ce a raina gyara za a kai. Ni na riƙe masa gefen tamfol ɗin har ya gama ɗaurewa.

"Baba, sai na dawo."

"Ubangiji ya kiyaye hanya," in ji Baba.

Goma ta ɗan gota ina kan dakali tare da matan zumuntar coci, muna juya citta. Injin niƙa yana ta ƙara a bakin kasuwa. Sai muka ji babura daga wajen dutse. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ba ta wannan hanyar 'yan acaɓa ke zuwa ba. Muka miƙe tsaye, kowace ta juya wajen makaranta. Ƙarfen muke jira. Ba a buga ba, saboda haka ba mu gudu ba. Muka tsaya muna kallon juna.

Harbin farko a bakin kasuwa ne. Injin ya mutu. Daga nan harbi ya ɓarke ta ko'ina, kamar ana jifan kwanon rufi da duwatsu. Mama Ngozi mai shago, wadda ke kusa da ni, ta zauna daɓas a kan citta. Na ja hannunta, na ga jini a ƙirjinta. Na sake ta na gudu gida.

Baba yana inda na bar shi, yana lalubar sandarsa. Na yi ƙoƙarin goya shi, muka faɗi tare. Malam Isa mahauci, maƙwabcinmu, ya fito da baro. Kakansa ne ya fara sayar wa fasinjoji tsire a tashar nan. Ya kifar da kayan da ke ciki, ya ciccibi Baba ya sa.

"Bi layi, Malama. Kada ki waiwaya."

Muka bi ta bayan kwatas. Hayaƙi ya riga ya tashi daga coci da rumbunan unguwar ƙasa. Ina jin muryoyi a bayanmu.

"Ku fito!"

"Ku kwanta!"

A kan layi baro ya ƙi tafiya. Tayar tana nutsewa cikin tsakuwa, tana karo da ƙarafa. Malam Isa yana turawa, ni ina ja ta gaba. Mun wuce tankin ruwa ke nan aka yi harbi daga gonar masara. Baba ya ce wash, sau ɗaya. Na tambaye shi, ya ce tsakuwa ce, mu ci gaba.

Gaba kaɗan akwai kwalbati ƙarƙashin layi, inda ruwan damina ke bi. Ciyawa ta rufe bakinsa. Muka ja Baba ciki. Malam Isa ya tura baron cikin rafi don kada a gani. Ya ce matarsa da surukarsa suna gida, zai je ya fito da su. Na riƙe rigarsa. Ya ɓamɓare hannuna a hankali ya tafi.

Cikin kwalbatin na ga ba tsakuwa ba ce. A gefen ciki harsashin ya shiga. Na cire ɗankwalina na danne wurin. Babura suka wuce ta kanmu, ƙasa tana zubo mana. Wani ya tsaya a sama yana dariya, yana kiran ɗan'uwansa. Na toshe bakin Baba da tafin hannuna har suka tafi.

Da rana ta take, harbin ya ragu. Sai ƙarar wuta da kukan awaki. Baba ya nemi ruwa, na jiƙa bakin zanena a ɗan ruwan da ya kwanta na matsa masa. Ya tambaye ni ko Bitrus ya riga ya fita kafin su zo. Na ce ya fita. Ya ce to, an gode wa Ubangiji. Bai ƙara magana ba. Wajen ƙarfe uku numfashinsa ya tsaya.

Na gyara masa ƙafafu, na rufe fuskarsa da hularsa. Na zauna kusa da shi har na ji babura sun koma wajen dutse. Sannan na fito na bi layi. Takalmina ɗaya ya ɓace, tsakuwa ta yayyanka mini ƙafa. A hanya na tarar da wasu namu suna fitowa daga ciyawa. Kafin rana ta faɗi muka isa tashar gaba. Mutanen wurin suka ba mu ruwa, suka sa mu a motar itace zuwa Kafanchan.

A harabar wani coci aka ajiye mu. Washegari bayan sujada Saratu ta zo da kular abinci. Da ta gan ni ni kaɗai, ta ajiye kular ta faɗi a ƙafafuna.

"Anti Rifkatu, na ce wa maigidana mu ɗauki Baba. Na roƙe shi. Tun Jumma'a da yamma aka buga masa waya, an ga su suna taruwa a dajin bayan dutse."

Ban gane ba da farko. Sai da ta sake faɗa.

Bitrus yana waje yana sauke buhunan shinkafa da aka kawo wa 'yan gudun hijira. Na je na tsaya a gabansa. Na tambaye shi ko gaskiya ne. Bai musa ba. Ya ce bai tabbatar da labarin ba, ya ji tsoron ya tayar da gari a banza a yi masa dariya. Na ce to Baba fa, akwai wuri a motar.

"In na ɗauki Baba sai na gaya miki. In kin ji, kowa ya ji. Motar ba za ta ɗauki gari ba, Rifkatu."

Tamfol ɗinmu yana ninke a bayan pikop ɗin. Ya ɗauko ya miƙo mini. Ban karɓa ba.

Ranar Talata sojoji suka raka mu muka koma. Aka ɗauko gawar Baba daga kwalbati. An tono wa mamatanmu rami ɗaya a bayan coci. Malam Isa an same shi a ƙofar gidansa, matarsa da surukarsa a ciki. Danginsu suka zo daga Kauru suka yi musu sutura, muka tsaya a gefe har suka gama. Namu kuma fasto ya yi karatu, aka ba Bitrus addu'ar rufewa, domin shi ne dattijo. Na rufe ido kamar kowa. Ban ce amin ba.

Yanzu ina koyarwa a Kafanchan, ina haya a ɗaki guda. Gida huɗu ne suka koma Tasha, su ma wuni suke yi a gona su fito kafin duhu. An rufe makarantar. Har yau ina lissafa waɗanda muka rasa a ranar. Mama Ngozi shekara arba'in ta yi a garin, ba ta da wani wurin da take ce wa gida. Danjuma mai injin niƙa. Kaka Ladi da jikarta Godiya, wadda take ajina, take zama a layin gaba saboda ba ta ji sosai. Yakubu da Markus, wa da ƙane, a gonar citta aka tsince su. Malam Isa da iyalinsa. Sai Baba, wanda aka haifa a kwatas ɗin lebura, bai taɓa kwana wata guda a wani gari ba.