Baƙon da Chunnilal Ya Shigo da Shi

Chunnilal telan unguwarmu ne a Banaras, mai ɗinka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya ce kafaɗarka ce ta karkace. Amma in ya buɗe baki da waƙa, sai ka yafe masa rigar.

Tun gashinsa na baƙi yake ɗaukar waƙa wurin Pandit Harihar. Kowane raga, wato salon waƙar Indiya, da sautukansa na gida. Akwai kuma baƙon sauti, wanda gwani kan ɗan taɓa ya wuce, kamar barkono a bakin cokali. In ka daɗe a kansa, raga ya lalace. Chunnilal ya sha ji Pandit na shigo da wannan baƙo cikin Bilawal, ragan da ake rerawa da safe, har tsigar jikinsa ta tashi. Shi kuwa yana jiran izinin malam kafin ya taɓa baƙon. Furfura ta fito, haƙora suka fara sallama, izini shiru. Matarsa Phulmati takan ce ko auren 'yar sarki yake nema, da tuni an ba shi.

Da tsufa ya kwantar da Pandit, hankalin Chunnilal ya tashi: in tsohon ya tafi, izinin ya bi shi. Wata safiya ya kai masa shayi, ya taɓa ƙafafunsa, ya zauna da tanpura, molonsa mai dogon wuya, zai roƙi izinin.  Maimakon roƙon, sai ya kama rera Bilawal. Yana gangarowa daga sautin sama, ya dubi tsohon da ya zama kamar tsinke, muryarsa ta karye, ta zame kan baƙon nan, ta dawo gida.

Ya saki tanpura, ya kama kunnuwansa biyu.

"Guruji, a yafe mini. Kuskure ne."

Tsohon ya buɗe ido ɗaya.

"Jakin Allah. Wa ya gaya maka bayarwa ake yi? Sata ake yi. Na bar maka ƙofa buɗe har na tsufa, kai kana tsakar gida kana sallama."

Ya sa shi ya maimaita. Wannan karon Chunnilal ya zauna a kan sautin daram, kamar ya samu kujera a jirgin ƙasa.

"Baƙo ne, ɗana," in ji Pandit. "Ba shi ruwa, kada ka shimfiɗa masa tabarma."

Phulmati ta ce ranar, don murna, har gishirin miyarta ta dal Chunnilal ya yaba.