Kalmar da Na Rubuta a Tafin Hannu

Ko zan manta da komai na zaman Madina, ban da ranar da aka zo ganina a gidanmu na unguwar Al-Ranuna, ina da shekara ashirin da tara.

Aikina a lokacin manna takarda ne a kwalayen dabino: wannan ajwa, wannan safawi, wancan sukkari. Ni kuwa ba na iya zama in abu ba shi da suna, sai ga shi ni kaina na rasa nawa. Tun tasowata ban taɓa jin sha'awar kowa ba, namiji ko mace. In ƙawayena suna hirar maza, dariya nake taya su kamar na gane.

Da Umma ta ce wani ɗan mutanenmu na Sudan, mai aiki a matatar mai ta Yanbu, zai zo shofa, wato ganin da ake ba manemi kafin a yi maganar aure, sai hankalina ya tashi. Ba wanda ya tilasta ni, ni ma ina son gida da abokin hira. Amma ba zan shiga gidan bawan Allah da wannan a ɓoye ba. Sati biyu ina manne da waya ina neman abin da zan kira kaina. Sunaye birjik! Wannan na wadda ba ta ji sam, wancan na wadda sai ta shaƙu tukuna, ga wani babba da suke ce wa laima, ya tara kowa da kowa a ƙarƙashinsa. In zaɓa da safe, in sauya da la'asar. Daga ƙarshe na tsayar da wata kalmar Larabci, na rubuta ta da biro a tafin hannu don kada bakina ya ƙi.

Ranar, Yayana ya zauna a bakin ƙofar falo, ya ce, "Minti goma ne, yalla, kar ki ƙare su a kallon ƙasa."

Na shiga da tiren lemo, na miƙa wa baƙon kofi. Mutumin dogo ne, shiru-shiru. Bayan gaisuwa ya ce, "Akwai abin da kike son sani, ya bintil halal, 'yar mutunci?"

Na buɗe hannu na dubi kalmar. Nan take na hango abin da sati biyu ban hango ba: bai san ta ba. Zai fita ya buga ta a waya ko ya tambayi yayarsa, laimar nan ta buɗe masa da duk abin da ke ƙarƙashinta, kafin Juma'a sunan gidanmu ya zagaya daga unguwar Ƙuba har ta Aƙiƙ. A garin nan kuwa wannan ba abin wasa ba ne. Na dunƙule hannun.

Na rage murya don kada Yaya ya ji. "Ni ce da abin faɗa. Ban taɓa jin sha'awar kowa ba. Ba wani nake so ba, ba kuma wani abu aka yi mini ba. Haka na tashi, ban sani ba ko zai sauya."

Ya ajiye kofin. Sannan ya ce, "Ni ina son matar da za ta so ni ta wannan hanyar. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Na sani."

"Tayyib, shi ke nan. Allah Ya saka miki da kika faɗa yau."

Kwana uku ina zaman jira. Duk sanda wayar Umma ta yi ƙara, sai in kasa kunne. A na huɗu mahaifiyarsa ta kira ta ce "ma fi nasib", babu rabo, abin da kowa ke faɗa in ba a dace ba. Umma ta yi kuka, ta ɗora laifin a kan rigar da na sa. Na jira tsegumi wata guda, na jira shekara. Har yau tsegumin bai zo ba.

Kalmar tana nan tare da ni, kuma na gode mata, ita ta sanar da ni ba ni kaɗai ba ce. Amma na koyi cewa takardar kwali ta mai wucewa ce. Wanda zai zauna da ke, da bakinki za ki gaya masa abin da ke ciki. Umma kam har gobe tana jin haushin rigar nan, ni kuma ban taɓa wanke rigar daga laifi ba.